Sabar gida ta ƙi haɗuwa da waya? Kada ka zargi netwok tukuna

Kamar yadda muka saba, ga shirin a rubuce saboda waɗanda datarsu ba za ta kai su sauraron murya ba, da kuma masu son su riƙa bi layi-layi suna gwadawa.

Yau maganar sabar gida za mu yi, musamman abin da za ka yi idan ta ƙi aiki. Tun da matasa suka fara haɗa irin wannan abu a nan Kura da Bunkure da Garun Malam, tambayar da ta fi zuwa mini iri ɗaya ce: "Jiya tana yi lafiya lau, yau waya ta ce ba ta ganin sabar." Kuma kusan kowa da amsarsa a baki tun kafin ya duba, wai netwok ne babu. To, abin da nake so ku tafi da shi yau shi ne, a mafi yawan lokuta kamfanin layinka ba shi da hannu a ciki. Matsalar tana cikin gidanku, kuma za ka iya gano ta ba tare da ka kashe ko sisi a kan data ba.

Bari in fara da bayani saboda sabbin shiga. Sabar gida ba wani abin tsoro ba ne. Kwamfuta ce, sau da yawa tsohuwar laftof irin wadda ake samu a kasuwar Beirut ko Farm Centre a Kano, ka zuba mata bidiyoyi da sautuka da littattafai, ka saka mata manhaja irin Jellyfin ko Plex, ka haɗa ta da rauta. Daga nan duk wanda yake kan wayfay ɗin gidan zai iya buɗe abin da ke cikinta a wayarsa ko a talabijin. Kusan aikin masu turi ne na bakin kasuwa, sai dai nan ba sai ka cika memorin wayarka ba, kuma mutum biyar za su iya kallon abu biyar daban a lokaci guda.

Me ya sa abin yake da muhimmanci a wurinmu? Lissafi ne. A watan Janairun 2025 hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince wa kamfanoni su ƙara kuɗin kira da data har zuwa kashi 50 cikin ɗari. Bidiyo mai kyan hoto da ke cin megabit 5 a daƙiƙa, idan ya yi awa biyu, ya lashe gigabait 4 da rabi. A gidan da ke da mutum goma, kowa ya sauke nasa daban, ka ga an saya sau goma ke nan. Idan kuwa an sauke sau ɗaya an ajiye a saba, ɗalibar da ke shirin JAMB da ƙaninta da mai son kallon yadda ake rainon irin shinkafa duk sun huta. Amma ranar da sabar ta tsaya kuma ba wanda ya san inda zai taɓa, sai a koma sayen data, laftof ɗin kuma ta koma cin ƙura a ƙarƙashin gado. Na ga hakan a gidaje da dama, kuma galibi gyaran bai wuce na minti goma ba.

Netwok biyu ne, ba ɗaya ba

Mu a bakinmu komai netwok ne. Amma a gidan da ke da rauta, abu biyu ne ke aiki. Akwai netwok na cikin gida, wato hanyar da rauta take haɗa wayoyinku da laftof da talabijin su riƙa magana da juna. Akwai kuma intanet, wato hanyar da ta fita daga rauta ta bi ta turken kamfanin layi zuwa duniya. Fim ɗin da ke tasowa daga laftof ɗin falo zuwa wayarka a ɗaki ba ya zuwa turke ko kaɗan. Ko ka zare sim daga rautar, zai iso.

Ku tuna ranar 14 ga Maris 2024, lokacin da manyan wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, ciki har da WACS da MainOne da SAT-3 da ACE. Bankuna sun wahala, intanet ya yi ta jan ƙafa a ƙasashe da yawa. Duk mai sabar gida da aka saita daidai, a wannan ranar ma kallonsa zai yi, domin abinsa bai taɓa bi ta teku ba.

Mu 'yan yankin noman rani mun riga mun san tsarin binciken da ake bukata. Ruwan da ke shiga gonarka daga madatsar Tiga ya taso, wadda aka kammala a 1974, ya biyo babbar kwata, ya shiga rassa, ya shiga ƙananan hanyoyi, kafin ya iso bakin fanginka. Idan ruwa bai zo ba, manomin da ya san aikinsa ba ya cewa Tiga ta ƙafe. Bakin gonarsa yake fara dubawa, ko tiyon ya sha iska, ko ciyawa ta toshe hanya, ko maƙwabci na sama ya datse. Haka za mu bi sabar, daga kusa zuwa nesa, mataki bayan mataki.

Mataki na farko: sabar kanta tana raye?

Je ka gaban laftof ɗin. Buɗe burauza a kanta, ba a waya ba. Idan Jellyfin kake amfani da ita, rubuta localhost:8096. Idan Plex ce, rubuta localhost:32400/web. Wannan kalma ta localhost tana nufin "ni kaina", wato kwamfutar tana ƙwanƙwasa ƙofarta da kanta. Lambobin 8096 da 32400 kuma lambobin ƙofa ne, kowace manhaja da ƙofar da take zama a bakinta.

Idan shafin bai buɗe a nan ba, to ka ajiye maganar wayfay gaba ɗaya. Manhajar ce ba ta tashi ba. Abu uku ne suka fi jawo haka a wajenmu. Na ɗaya, an ɗauke wuta, batirin laftof ya mutu, da aka dawo da wuta an kunna ta amma manhajar ba a saita ta ta riƙa tashi da kanta ba. Na biyu, barci. Windows tana sa laftof barci idan an rufe murfinta ko an bar ta na ɗan lokaci, kuma kwamfuta mai barci ba ta amsa kowa. Shiga saitin wuta ka ce kada ta yi barci idan tana jone da caji, kuma rufe murfi kada ya yi komai. Na uku, idan bidiyoyin suna cikin ma'ajiyar waje da ake jonawa ta USB, wani lokaci Windows takan canza mata harafi, jiya D ce yau ta koma E. Sai ka ga shafin ya buɗe, hotunan fina-finan suna nan, amma ka danna ya ƙi tashi. Wannan ma ba netwok ba ne. Mayar mata da harafinta na da.

Mataki na biyu: waya da sabar suna kan hanya ɗaya?

To, ta buɗe a kan laftof amma waya ba ta gani. Nan ne mafi yawan mutanenmu suke maƙalewa, kuma ga wanda ya fi kowane kama mutane. Yawancinmu rautar gida ba kullum take da data ba. Wayar Android idan ta hau wayfay ta ga babu intanet a kansa, sai ta yi maka wayo, ta koma amfani da datar sim a ɓoye, alhali alamar wayfay tana nan a sama. Kai kana ganin kana kan rautar gida, ita kuwa ta hanyar turke take neman sabarka, inda ba za ta taɓa samun ta ba. Maganin mai sauƙi ne: kashe datar waya gaba ɗaya, ka sake gwadawa. Idan wayar ta tambaye ka ko ta ci gaba da zama a kan wannan wayfay ɗin duk da babu intanet, ce mata e.

Na biyu shi ne VPN. Tun lokacin da aka rufe Twitter a Najeriya, daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, matasa da yawa suka saka VPN a waya, wasu har yau yana nan a kunne sun manta. Aikin VPN shi ne ya kwashi duk abin da ke fita daga wayarka ya kai shi wata ƙasa kafin ya sake shi. Ka ga ke nan kana neman laftof ɗin da ke falo, an kai saƙonka Jamus. Kashe shi ka gwada.

Na uku, masu iPhone. Tun daga iOS 14, kowace manhaja sai ta nemi izini kafin ta ga na'urorin da ke cikin gida. Idan ranar farko ka danna a'a cikin sauri, to ba za ta ƙara ganin sabar ba sai ka shiga saitin sirri, wurin da aka rubuta "Local Network", ka kunna mata.

Na huɗu, rauta biyu. Wani abokina a Bunkure ya kwana biyu yana fama, ashe laftof ɗin tana kan ƙaramar MiFi ta yayansa, wayoyi kuma suna kan babbar rautar falo. Gida ɗaya, amma hanya biyu da ba su haɗu ba. Haka ma idan rautarka tana da wayfay na baƙi, mai ɗauke da kalmar "Guest" a sunansa. Da gangan aka yi shi don baƙo ya samu intanet amma kada ya ga na'urorin gida. Akwai kuma wani saiti mai suna "AP isolation" a wasu rautoci, shi ma yana hana wayoyi ganin juna. Idan yana kunne, kashe shi.

Mataki na uku: adireshi ya canza?

Kowace na'ura da ta hau rauta ana ba ta lamba, ita ake kira adireshin IP. A cikin gida yawanci da 192.168 take farawa, misali 192.168.0.105. Rautar ce take rabawa, kuma aro take bayarwa, ba kyauta ba. Idan wuta ta ɗauke ta dawo, rautar ta sake tashi, tana iya ba laftof ɗin wata lambar daban, tsohuwar kuma ta faɗa hannun wayar ƙanwarka. Manhajar da ke wayarka tana can tana ƙwanƙwasa tsohon gida. Wannan shi ne babban dalilin "jiya tana yi, yau ta ƙi", musamman a wurin da wuta ke zuwa tana tafiya sau da yawa a rana.

Ga yadda za ka duba. A laftof ɗin danna maɓallin Windows da harafin R tare, rubuta cmd, baƙin allo zai fito, sai ka rubuta ipconfig. Nemi layin da aka rubuta IPv4. Wannan lambar ita ce adireshin sabarka a yanzu. Ɗauki wayarka, buɗe burauza, rubuta http:// sannan lambar, sannan :8096. Idan ya buɗe, shi ke nan, ka gano ɓarawon. Gyara adireshin a cikin manhajar wayar.

Ku lura da abu biyu a kan lambar. Idan ka ga ta fara da 169.254, to laftof ɗin ba ta samu lamba daga rauta ba sam, ita ta ƙirƙiro wa kanta. Hakan na faruwa idan laftof ta riga rauta tashi, ko kebul ya saki. Cire ta daga wayfay ka mayar, ko ka zare kebul ka sake jonawa. Sannan ka kwatanta lambar laftof da ta wayarka. Kashi uku na farko ya kamata su zama iri ɗaya. Idan ɗaya 192.168.8 ce, ɗayar kuma 192.168.0, to kun koma maganar rauta biyu.

Maganin dindindin shi ne ka sa rautar ta ware wa laftof ɗin lamba ɗaya har abada. Shiga shafin rautar ta burauza, yawanci 192.168.0.1 ko 192.168.1.1, ƙananan na Huawei kuma 192.168.8.1. Adireshin da kalmar sirrin suna rubuce a ƙasan rautar ko a bayan batirinta. Nemi sashen DHCP, a ciki akwai wurin ware adireshi. Zaɓi laftof ɗin, ba ta lamba, ajiye. Daga ranar, ko sau nawa wuta ta yi wasa, gidanta ba zai canza ba. Ni shawarata, rubuta lambar a takarda ka manna a jikin laftof ɗin.

Masu amfani da hotsfot na waya a madadin rauta, ku sani wasu wayoyin Android na yanzu suna canza jerin lambobin duk lokacin da aka kashe aka kunna, kuma ba su ba ka wurin warewa. Don gwaji ya yi, amma don zama, nemi rauta ko da ta hannu ce. Ba sai tana da sim ba ma.

Mataki na huɗu: ƙofa a buɗe take?

A ce adireshi daidai ne, hanya ɗaya kuke, amma har yanzu shiru. To mai gadi ne ya hana. Windows tana da katangar tsaro, wadda ake kira fayawal, kuma tana kasa wayfay gida biyu: na waje da na gida. Ranar farko da ka hau sabon wayfay, sau da yawa takan ɗauke shi a matsayin na waje, kamar na otal ko filin jirgi, sai ta kulle ƙofofi. Shiga saitin wayfay ɗin a laftof, canza shi daga "Public" zuwa "Private". Sannan ka duba jerin manhajojin da katangar ta yarda da su, ka tabbata Jellyfin ko Plex tana ciki. Idan ka saka wata manhajar kashe bairos, ita ma takan zo da tata katangar, duba ta.

Kada ka kashe katangar gaba ɗaya ka bar ta haka. Za ka iya kashe ta na minti ɗaya don gwaji, idan waya ta ga sabar nan take ka san ita ce, sai ka mayar ka buɗe ƙofa ɗaya tak da ake bukata.

Akwai wani ɗan gwaji da ake kira ping. A wannan baƙin allon, rubuta ping sannan adireshin rautar. Kamar sallama ce, kwamfuta ta yi, ta jira amsa, ta faɗa maka tsawon lokacin da amsar ta ɗauka. A cikin gida bai kamata ya wuce 'yan milisakan kaɗan ba. Idan kana ganin ɗaruruwa, ko wasu sallamar suna ɓacewa, to hanyar da ke tsakanin laftof da rauta ba ta da lafiya, wanda ya kawo mu mataki na gaba.

Mataki na biyar: tana buɗewa amma fim yana tsayawa

Wannan ciwo ne daban. An haɗu, amma ruwan ba ya gudu. Fara da wurin da ka ajiye rautar. Ginin bulo da siminti yana cinye wayfay, kwanon rufi da ƙofar ƙarfe suna mayar da shi baya, ruwa kuma yana shanye shi, don haka rautar da ke bayan firij ko kusa da tankin ruwa ta riga ta yi asarar rabin ƙarfinta. Gidajenmu kuma ɗakuna ne a zagaye da tsakar gida. Ɗaga ta sama, a wurin da ya fi kusa da tsakiyar gidan, ba a ƙasa a lungun ɗaki ba.

Idan rautarka tana fitar da wayfay iri biyu, 2.4 da 5, ga bambancin. Na 2.4 yana nisa kuma ya fi ratsa bango, amma yana da cunkoso, domin rautocin maƙwabta da sifikokin Bluetooth duk a nan suke. Na 5 ya fi gudu sosai amma ba ya nisa. Kana ɗaki ɗaya da rauta, hau 5. Kana can ƙarshen gida, hau 2.4. Kuma kada ka rikita wannan 5 ɗin da 5G na kamfanonin layi, abu biyu ne daban. A kan 2.4, idan maƙwabta sun yi yawa, gwada canza tasha tsakanin 1 da 6 da 11, su ne ukun da ba sa shiga juna.

Amma gyaran da ya fi kowane tasiri shi ne kebul. Idan laftof tana kan wayfay, waya ma tana kan wayfay, fim ɗin sau biyu yake bin iska, daga laftof zuwa rauta, daga rauta zuwa waya. Jona laftof da rauta da kebul na netwok, ka rage rabin wahalar. Ko tsohon kebul mai ɗaukar megabit 100 ya ishi mutane da yawa su kalli bidiyo mai cin megabit 5 a tare. Ƙananan MiFi na aljihu yawanci ba su da ramin kebul kuma suna da iyakar mutanen da za su hau, shi ya sa ba su dace da gida mai yawa ba.

Wani lokaci kuma hanyar lafiya lau take, laftof ɗin ce ta gaji. Idan wayar ba ta gane irin tsarin da aka adana bidiyon da shi ba, sabar takan riƙa juya shi zuwa wani tsari yayin da kake kallo. Wannan aiki ne mai nauyi, tsohuwar laftof sai ta fara huci. Alamarsa ita ce fim ɗaya yana tsayawa, sauran suna tafiya sumul, kuma fankar laftof tana ihu. Gwada buɗe shi da VLC ko ka yi amfani da manhajar Jellyfin ta waya maimakon burauza. Idan kana da zaɓi wajen saukewa, ɗauki MP4 mai tsarin H.264, kusan kowace waya tana cin sa kai tsaye.

Kada mu manta da yanayinmu. A watan Afrilu da Mayu zafi yakan haura digiri 40 a Kano, kuma kwamfuta idan ta yi zafi da kanta take rage gudu don kada ta ƙone. Hunturu kuma ƙura yake cusa mata a hanci. Kada a ɗora ta a kan katifa ko darduma, a ɗaga ƙasanta iska ta shiga, a riƙa busa ƙurar. Rautoci da yawa wutar bolt 12 suke ci, saboda haka ƙaramin batirin ajiya irin na rauta ko layi daga sola zai hana ta mutuwa duk lokacin da wuta ta ƙifta. Duba abin da aka rubuta a jikin cajarta kafin ka saya.

Gargaɗi ga masu Plex

Plex tana da wani hali da ya kamata ku sani. Ko da yake bidiyonka a gida yake, takan so ta tantance ka ta intanet kafin ta buɗe maka. Ranar da babu data, sai ta iya hana ka shiga kayanka. Akwai mafita: tun kana da intanet, shiga saitin netwok na sabar, akwai wurin da ake rubuta adiresoshin da aka yarda su shiga ba tare da tantancewa ba, rubuta jerin lambobin gidanku a ciki. Jellyfin, wadda aka fara a 2018, kyauta ce kuma ba ta neman asusu a wani kamfani, shi ya sa na fi ba da shawararta a wurin da data ke yankewa.

Kallo daga wajen gida

Tambaya ta ƙarshe da ake yawan yi: "Ina makaranta a Wudil ko Zariya, zan iya buɗe sabar gidanmu ta Kura?" Nan ne kaɗai intanet ya shigo maganar da gaske. Za ku ga bidiyoyin Turawa suna cewa buɗe ƙofa a rauta kawai. Mutane da yawa sun bi, abin ya ƙi, suna zaton su ne ba su iya ba. Dalilin shi ne adiresoshin IPv4 na duniya kusan biliyan 4.3 ne kawai, sun yi kaɗan, don haka kamfanonin layin waya sukan haɗa masu amfani da yawa a bayan adireshi ɗaya. Ana kiran tsarin CGNAT. Kamar babban gidan haya ne mai ƙofa ɗaya, kai kana iya fita, amma baƙo daga waje ba shi da hanyar zuwa ɗakinka kai tsaye. Duba shafin rautarka, wurin adireshin WAN. Idan ya fara da 10, ko yana tsakanin 100.64 da 100.127, kana bayan wannan tsarin, kuma buɗe ƙofa ba zai yi komai ba. Ko Starlink, da ta shigo Najeriya a 2023, haka take yi wa masu tsarin gida na yau da kullum.

Hanya mafi sauƙi ita ce manhaja irin Tailscale. Ka saka ta a laftof da wayarka da asusu ɗaya, sai ta haɗa su kamar suna gida ɗaya, kuma tana da tsarin kyauta ga mai amfanin kansa. Amma ka yi lissafi da kyau. Yanzu data biyu kake ci, ta rautar gida da ke turawa da ta wayarka da ke karɓa. Masu Plex kuma, tun daga Afrilun 2025 kallon bidiyonka daga nesa ta hanyarsu ya koma na kuɗi. Sau da yawa ya fi arha ka sauke abin da kake so a waya kafin ka bar gida.

Kafin mu rufe

Ga tsarin a dunƙule. Gwada a kan laftof ɗin kanta. Kashe datar waya da VPN. Tabbata kuna kan rauta ɗaya. Duba adireshi. Duba katangar tsaro. Sannan ka duba ƙarfin wayfay da zafi. Kuma abu ɗaya za ka riƙa canzawa a lokaci guda, ka gwada, kafin ka taɓa na gaba. Wanda ya canza abu biyar a tare, ko ta gyaru bai san me ya gyara ta ba, gobe kuma zai koma gidan jiya. Guji danna ɗan ramin nan na bayan rauta da ke goge komai, sai in duk hanyoyi sun ƙare, domin zai share har adireshin da ka ware.

Roƙona biyu ne. Na farko, kada ilimin ya tsaya a kan mutum ɗaya a gida. Samu littafi ka rubuta adireshin sabar da na rauta da matakan nan, ka zaunar da ƙaninka da ƙanwarka ka koya musu, domin ranar da ka tafi hidimar ƙasa ko ka yi tafiya, kada karatun kowa ya tsaya. 'Yan'uwa mata musamman, wannan ba aikin maza ba ne, karatu ne da bin tsari kawai. Na biyu, mu kula da abin da muke zubawa. 'Yan Kannywood da mawaƙanmu guminsu ne, mu saya ko mu kalla ta hanyar da suka amince. Akwai abubuwa birjik da aka halatta saukewa: darussan makaranta na kyauta, Wikipedia ta Hausa da ake iya ajiyewa da manhajar Kiwix, bidiyoyin koyar da noma, da na bukukuwan gidanku da ke ɓacewa duk lokacin da waya ta lalace.

Wanda ya bi matakan nan duka kuma ta ƙi, ya turo mana abu uku: lambar da ipconfig ta nuna, lambar wayarsa a kan wayfay ɗin, da irin saƙon da manhajar ta rubuto. Kalmar sirri kuwa kada a turo wa kowa, har mu. A shiri na gaba za mu duba yadda ake lissafin sola da batirin da zai riƙe laftof da rauta dare da rana.